Mai Shari'a Mamman Nasir da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya



An haifi Mamman Nasir a shekarar 1929, cikin zuriyar Galadiman Katsina. Ya yi karatun lauya a Ingila, ya sami iznin tsayawa gaban kotu a 1955, lokacin da lauyoyi 'yan Arewa ba su kai a ƙirga su da yatsun hannu biyu ba. Daga 1961 har zuwa juyin mulkin 1966 shi ne Ministan Shari'a na Jihar Arewa a gwamnatin Sardauna. A 1975 aka naɗa shi alƙali a Kotun Ƙoli.

To, a nan ne abin lura yake. An kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a 1976, domin ta tsaya tsakanin manyan kotunan jihohi da Kotun Ƙoli. Bayan Mai Shari'a Dan Ibekwe, shugabanta na farko, sai aka ɗora wa Mamman Nasir shugabancinta a 1978. Watau ya baro kotun da babu wata a samanta, ya dawo wadda ake iya soke hukuncinta. Ga wanda matsayi kaɗai ya dama, wannan saukowa ce.

Amma a duba shekarar da kyau. A cikinta ne Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta rabu biyu kan shawarar kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a matakin tarayya, har wakilai Musulmi da dama suka fice daga zauren. Shawarar ba ta sami shiga ba. Abin da aka daidaita a kai cikin Tsarin Mulkin 1979 shi ne, kotun da Mamman Nasir ke shugabanta ta ƙunshi aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci, da uku masana dokokin gargajiya. Saboda haka rigimar gado ko ta aure da ta taso daga kotun alƙali a Sakkwato ko Borno, in ta yi nisa, wannan kotu take isa. Sulhun da 'yan siyasa suka rubuta a takarda, alƙalanta aka bar wa aikin mayar da shi hukunci.

Shekara 14 ya yi a kan kujerar, ƙarƙashin mulkin soja da na farar hula. Ya yi ritaya a 1992, aka naɗa shi Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi, yana riƙe da sarautar har Allah Ya yi masa rasuwa a 2019.