Abokin Aikinmu Mai Rarrabuwar Hankali: Jawabi ga Malaman Karfi



Akwai malamin da darasinsa ke da armashi, amma rajistarsa kullum tana baya, ga mantuwa, ga katse zance. Mukan ce sakaci ne. Sau da yawa kuwa lalura ce da likitoci ke kira ADHD, mai farawa tun yarinta, takan bi mutum har girma.

Shugabannin makarantu, kafin takardar tuhuma, ku rubuta masa umarni, ku raba masa makin jarrabawa kashi-kashi, ku zaunar da shi nesa da hayaniya. Tantancewa aikin likita ne, kamar a asibitin ƙwaƙwalwa na Kaduna. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka rattaba wa hannu a 2023 ta haramta nuna masa wariya wurin aiki. Wajibin ƙungiyarmu ne ta tsaya masa.