Jawabi a kan Yadda Ake Kafa Akwatin Kifi na Baƙin Ruwa

An shirya wannan jawabi domin hakimai, ransu ya daɗe, da magatakarda da sauran malaman ofis, waɗanda a kan nemi shawararsu idan makaranta ko ɗakin karatu na gunduma suna so su ajiye akwatin gilashi na kiwon kifi domin koya wa yara. Sau da yawa a kan sayi akwati da kifaye masu tsada a rana ɗaya, kafin mako biyu duk sun mutu, kuɗi ya salwanta, a ce kifin ne ba shi da ƙwari. Galibi kuwa laifin na ruwa ne da na gaggawa. Saboda haka abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, ruwa ake fara gyarawa, kifi shi ne na ƙarshen shiga.

Mene ne Baƙin Ruwa?

A bakin Bahaushe, baƙin ruwa shi ne ruwa zalla wanda ba a dama kome a ciki ba. Masu kiwon kifi kuwa wani abu dabam suke nufi. A ƙasashe masu kurmi, ganyaye kan zuba su ruɓe a ƙasa, ruwan sama ya bi ta cikinsu ya kwaso wani sinadari mai bauri da ake kira tanin, dangin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Shi ke rina rafi ya koma launin shayin da ba a sa wa madara ba. Ruwan garau yake, babu laka a cikinsa, amma daga nesa baƙi ake ganinsa.

Mafi girman irin waɗannan koguna shi ne Riyo Negro a ƙasar Birazil. Kusa da birnin Manawus yake gamuwa da babban reshen Kogin Amazon mai ruwan laka, su yi tafiyar wajen kilomita 6 gefe da gefe ba su gauraya ba. Akwai irin wannan ruwa a kurmin Kwango, da tsibirin Borniyo, da wasu rafuka na kudancin Nijeriya.

Tsami da Kanwa

Kowace mai girki ta san kanwa tana kashe tsami. Masana suna auna wannan hali na ruwa da ma'aunin da suke kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Abin da ya gaza 7 ya karkata wajen tsami, abin da ya haura ya karkata wajen kanwa, kuma tsakanin lamba da mai bi mata ninki goma ne. Ruwan Riyo Negro kan sauka ƙasa da 5, gishirin ma'adinai da ke cikinsa kuma ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ga mai farawa, tsakanin 6 da 6.8 ya isa, gama ya fi sauƙin riƙewa.

A nan ne wahala take, domin ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da farar ƙasa narkakkiya. Alamarsa ita ce sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, butar dafa ruwa kuma ta yi farin ɓawo a gindi. Irin wannan ruwa, kome yawan ganyen da aka zuba, launi kaɗai zai sāke, tsaminsa ba zai motsa ba. Maganin abin shi ne ruwan sama. A tare shi a robobi masu tsabta a fili bayan damina ta kankama, kada a tara na indararon kwanon rufi, domin sinadarin zinki da kwano ke saki dafi ne ga kifi. A gauraya shi da ɗan ruwan famfo wanda ya kwana biyu a buɗe ko aka ɗiga masa maganin kashe kulorin, a riƙa aunawa har a sami lambar da ake so. Lalle ne a tanadi na rani tun da damina.

Akwati da Mazauninsa

Babban akwati ya fi ƙarami sauƙin kulawa, gama ruwa mai yawa ba ya saurin sāke hali. Mai tsawon santimita 90, faɗi 40, zurfi 40, yana cin lita 144. Kowace lita kilo ɗaya ce. Idan aka haɗa da gilashi da yashi, nauyin ya zarce na buhun siminti uku. Tilas tebur ya zama ƙaƙƙarfa, samansa daidai, a shimfiɗa soso siriri a ƙarƙashin gilashin. Kada a ajiye shi inda rana ke bugawa.

Kifayen nan suna son zafi tsakanin digiri 24 da 28 a ma'aunin Salshiyos. Da hunturu sai an sa hita ta cikin ruwa saboda sanyin dare. Da bazara kuwa, ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar numfashi da yawa, sai a rage hasken fitila, a sa fanka tana kaɗa saman ruwan. Na'urar tace ruwa mai soso, wadda ƙaramin famfon iska ke tuƙawa, ta wadatar. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, a tanadi famfo mai batir. Kada a sa gawayin tacewa a ciki, domin yana tsotse launin da ake nema.

Yashi, Icce da Ganye

A wanke yashin rafi mai laushi har ruwansa ya fito garau, a shimfiɗa shi kaurin santimita 4 ko 5. Duk dutsen da za a sa, a ɗiga masa ruwan tsami mai ƙarfi. In ya yi kumfa, akwai farar ƙasa a jikinsa, a yar da shi. Haka nan wuri da ɓawon katantanwa da gutsuren siminti, duk suna kashe tsami.

Icce ya zama mai tauri, busasshe sarai, a ɓare ɓawonsa, a tafasa shi ko a jiƙa har ya nutse. Ganyen da aka fi amfani da shi a duniya shi ne na itacen almon na Indiya, ɗan'uwan baushe, wanda ake dasawa domin inuwa a garuruwa da yawa na Afirka ta Yamma. Busasshen ganyen gwaiba ma yana yi. A tsinci wanda ya bushe ya faɗo da kansa, daga bishiyar da ba a yi wa feshi ba, a ɗauraye, a fara da uku ko huɗu, a ƙara sannu a hankali idan sun ruɓe. A guji duk itace mai farin ƙaro kamar tumfafiya da tinya, da darbejiya, balle magimfa da aduwa waɗanda aka san suna bugar da kifi.

Tsire-tsire

Tun a shekarar 1850 wani masani a Ingila mai suna Robert Warington ya nuna cewa tsiro a cikin ruwa yana ba kifi iskar numfashi. Amma baƙin ruwa yana tare haske, don haka sai tsiron da ya saba da inuwa. Na gaba a cikinsu shi ne anubiyas, ɗan asalin rafukan kurmin Afirka ta Yamma. Wani irinsa, Anubias barteri, an sa masa sunan Charles Barter, masanin tsirrai da ya biyo ayarin Dokta Baikie zuwa Kogin Kwara a 1857, ya rasu a Rabba a 1859. Shi da tsiron da ake kira fan na Jawa ba a binne gindinsu a yashi, gama zai ruɓe. Ɗaure su ake yi da zare a jikin icce har saiwarsu ta kama. A sama kuma a sa kainuwa kaɗan, bayan an wanke ta an keɓe ta mako biyu. Tana ba kifi inuwa, tana shan dattin ruwa, amma a riƙa rage ta kada ta rufe fiye da rabin fuskar ruwa. Fitila ta yi awa 7 ko 8 a yini.

Makonnin Jira

Wannan shi ne wurin da aka fi yin hasara. Kifi yana fitar da amoniya ta sharɓarsa da kashinsa, ita kuwa dafi ce. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama a soson tacewa da yashi, waɗanda ke juya amoniya ta zama nitirit, wasu kuma su juya nitirit ya zama nitiret, wanda cutarsa kaɗan ce kuma tsire-tsire na ci. Sabon akwati ba shi da su. A cika shi, a kunna na'ura, a riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi kullum yana ruɓewa domin su sami abin ci. Bayan mako 4 zuwa 6, idan kayan awo sun nuna amoniya da nitirit sun koma sifiri, akwati ya nuna. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wani haɗari na musamman ga baƙin ruwa. Idan tsami ya sauka ƙasa da 6, ƙwayoyin nan suna yin sanyin aiki, amoniya ta taru, amma tsamin ya ɗaure ta a wata siffa mai sauƙin dafi. Ranar da wani ya kwarara ruwan rijiya mai yawa a ciki, tsamin ya mutu, amoniyar ta kwance, kifaye su mutu a dare ɗaya. Don haka ba a sauya ruwa da yawa a lokaci guda.

Zuba Kifi

A zaɓi kifayen ƙasa ɗaya. In na Amazon ake so, akwai tetra kadinal, ɗan ƙaramin kifi da bai wuce santimita 5 ba, mai jan ciki da shuɗin layi mai walƙiya. Masana sun bayyana shi a 1956, garin Barselos a bakin Riyo Negro kuma ya shahara da cinikinsa. A garke yake rayuwa. 15 zuwa 20 sun dace da akwatin da aka ambata. In na gida ake so, akwai kiribensis na kudancin Nijeriya, wanda macensa ke da jan ciki. Namiji ɗaya da mace ɗaya, da ɓawon kwakwa a kife domin su yi ƙwai. Akwai kuma kifin malam-buɗe-littafi mai zama a saman ruwa yana cin ƙwari. Yana tsalle, sai da murfi, kuma yana haɗiye ƙananan kifaye. Tarwaɗa da karfasa ba nan ne wurinsu ba.

A zuba rabi tukuna, sauran bayan mako biyu. A ɗora ledar da aka zo da su a kan ruwa minti 20, a riƙa ƙara mata ruwan akwati kaɗan kaɗan, sa'an nan a kwashe su da raga, a zubar da ruwan ledar.

Kulawa da Rajista

Abinci sau ɗaya ko biyu a yini, gwargwadon abin da za su cinye a minti biyu. Kowane mako a ɗebe kashi ɗaya cikin goma na ruwan, a mayar da wanda aka gyara tun da wuri. Soson tacewa a ruwan akwati ake matse shi. Sabulu kada ya taɓa kome. Maganin sauro, na fesawa da na kunnawa, yana kashe kifi nan take, kada a yi amfani da shi a ɗakin.

Ya kamata hakimi ya tabbata an danƙa akwati a hannun mutum ɗaya sananne, da mataimaki domin lokacin hutu. Magatakarda ya buɗe littafi, a riƙa rubuta kwanan wata, da zafin ruwa, da lambar pH, da abin da aka ƙara, da kifin da ya mutu, domin a gane matsala tun tana ƙarama.

Daga ƙarshe, kada a yarda kowa ya zubar da baƙon kifi ko baƙon tsiro a rafi ko kududdufi. Kainuwar Turawa mai shuɗin fure, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu ne kuma aka yaɗa ta a duniya domin ado, ta bayyana a ruwayen Badagiri a 1984, ta toshe wa masunta da masu jirage hanya. Wanda ya gaji da kiwo ya miƙa kifayensa ga wata makaranta, tsiron da aka rage kuma a shanya shi ya bushe a ƙone.