TANA A CIKIN TUKUNYAR SHUKA

Hirarmu ta yau a kan tana ce.

Da yawa cikinku kuna shuka na'ana'a, ko tonka, ko fure cikin tsohuwar tukunya a tsakar gida. Wata rana shuka ta yi yaushi. Ku tona ƙasa, ku ga tana, ku ce ita ce ta ci saiwa. Ku dakata, kada ku kashe ta!

Tana ba ta da haƙori. Abincinta ruɓaɓɓen ganye ne da tsohon taki. Kashinta taki ne mai kyau. Ramukan da take ginawa su ne hanyar iska da ruwa zuwa ga saiwa. A shekarar 1881 wani masani na Ingila, Charles Darwin, ya rubuta littafi guda a kan wannan aiki nata.

To, mi ke kashe shuka? Sau da yawa ruwa ne ya yi yawa. In tukunya ba ta da huda a gindi, ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Ɗanyen kashin dabbobi kuma yana ƙone saiwa. Akwai kuma gwazarma: fara ce, a lanƙwashe, da ƙafa 6. Wasu irinta suna cin saiwa. Ita za ku fitar. Tana doguwa ce, ba ta da ƙafa.

Ga abin da za ku yi:

1. Ku huda gindin tukunya, ku sa tsakuwa a bakin hudar.
2. Ku gama ƙasa kwano 2, rairayi kwano 1, da taki wanda ya ruɓe sarai kwano 1.
3. Ku sa yatsa cikin ƙasa. In da laima, ku bar ban ruwa sai gobe.
4. Ku rufe saman ƙasa da busasshen ganye. Tana da fatarta take numfashi, in ta bushe sai ta mutu.

Amma tukunya ƙarama ce. In tana ta yi yawa, abinci ba ya isarta, kashinta kuma yana iya toshe hudar. Sai ku tsoma tukunyar cikin ruwa na ɗan lokaci. Za ta fito sama. Ku kwashe ta, ku kai garka ko ramin taki, a inuwa.

Gobe a wurin karatu, kowa ya rubuta a allo: tana, taki, saiwa. Sannan ku tattauna: mi ya bambanta tana da gwazarma?

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.