Gudu Ko Sani: Yadda Kwamfuta Ta Koyi Buga Dara



Duk wanda ya taɓa zama gindin bishiya ana buga dara ya san gwanaye iri biyu ne. Akwai mai lissafin "in na sa nan, zai sa can". Akwai kuma wanda kallo ɗaya zai yi wa gurabe ya gaya maka wa ke da rinjaye. To, wannan gardamar ce ta daɗe tsakanin masu koya wa kwamfuta wata dara da ake kira ces, mai gida 64, inda kowane ɗan wasa ke da 'ya'ya 16.

Ga inda gizo ke saƙar. A kowane taku, ɗan wasa yana da zaɓi kusan 30. In ana son hangen taku uku-uku na kowane ɓangare, hanyoyin sun kusa biliyan ɗaya. Kwamfuta ba za ta kai ƙarshensu ba, dole ta tsaya wani wuri ta auna wa ke gaba. In ta tsaya aunawa da kyau, lokaci ya tafi, hangenta ya gajarta. In ta yi gudu kawai, tana iya murnar cin ɗa guda, alhali tarko na jiranta a takun da ba ta kai ba.

A 1997, a birnin New York na Amurka, gudu ya nuna ƙarfinsa. Kwamfutar kamfanin IBM mai suna Deep Blue, wadda ke duba yanayin wasa kusan miliyan 200 a daƙiƙa ɗaya, ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a karawar wasa shida. Amma ku sani, ko ita sai da gwanayen wasan suka taimaka aka zuba mata sani.

A 2017 sai labari ya juya. Kamfanin DeepMind na Landan ya fito da AlphaZero, wadda dokokin wasan kaɗai aka ba ta, ta yi ta bugawa da kanta har ta ƙware. Tana duba yanayi kusan 80,000 a daƙiƙa, abokiyar karawarta Stockfish kuwa miliyan 70. Cikin wasa 100, AlphaZero ta ci 28, aka yi canjaras 72, ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Ta san hanyoyin da ba su cancanci a bi ba, kamar dillalin da ba sai ya shafa kowace saniya a kara ba kafin ya gane ta kirki.

Masu Stockfish ba su yi girman kai ba. A 2020 suka ƙara mata irin wannan aunawar da ake koya daga ɗimbin wasanni, ba tare da ta yi asarar gudu mai yawa ba, ƙarfinta ya ƙaru sosai.

Saboda haka, in an kawo muku waya ko wata na'ura ana cewa tana da sauri, ku tambaya: me ta sani game da abin da take lissafawa? Ku kuma gwanayen dara, ku aiko mana ta wayar tasha: lissafi kuke yi ko ido ne? Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.