Rangadi da Ƙafa: Daga Daji Zuwa Kwari Zuwa Gari

Jawabi ga Hakimai da Malamansu na Ƙasar Dutse

Maganar da za a yi yau ta rangadi ce, watau fitar shugaba tare da mutanensa don ya ga ƙasarsa da idonsa.

A zamanin En'e Hakimi ya kan fita bisa doki da rani, ya bi ƙauyuka yana kwana, malaminsa na biye da shi ɗauke da littafin haraji da na jangali. Kuɗi a ke fita ƙirgawa, amma a kan hanya sai Hakimi ya san kowace rijiya da kowane burtali da ke cikin gundumarsa. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, yawancin ayyukan En'e suka koma hannunsu. A 1979 kuma Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, wadda Dutse ke cikinta a lokacin. Talakawa sun sami sauƙi, amma da dalilin fita ya kau sai fitar ma ta yi rauni. Tun ran 27 ga Agusta, 1991, da aka yanke Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birninta, kwalta ta yawaita, mota ta ƙwace wa doki hanya. To, mota kuwa ba ta nuna wa mai ita kome sai bakin titi. Ɓarnar ƙasa can ciki ta ke farawa, inda sai ƙafa ke kai mutum.

Shirin Fita

Abin da a ke so shi ne kowane Hakimi ya keɓe yini guda, sau biyu a shekara, ya taka ƙasarsa. Fita ta farko bayan kaka, sa'ad da aka kau da amfanin gona, sanyi ya shigo, tafiya ba wuya. Ta biyu da bazara, kafin a yi shuka, don a duba burtali da hanyoyin ruwa tun ba a makara ba. Mai lafiya ya kan ci mil 3 cikin sa'a guda, saboda haka mil 8 ko 10 sun isa aikin yini, tun da za a riƙa tsayawa ana tambaya.

Kada a tara 'yan rakiya. Mutum 10 sun isa: Hakimi da malaminsa, Dagacin ƙasar da za a ratsa, malamin daji, malamin gona, duba-gari, Arɗo, Sarkin Noma, Sarkin Ruwa, da maharbi wanda ya san daji. In da hali a tafi da malamin makaranta da babban ɗalibi guda, don na baya su koya. A tsara hanya yadda za ta ratsa wuri uku, daji da kwari da gari, gama su ukun nan igiya guda ce ta ɗaure su.

Kan Dutse

Ga misali daga Dutse. A tashi daga Garu bayan sallar asuba, a hau dutse kafin rana ta yi zafi. Garin nan tsoho ne ƙwarai. Tarihin Kano ya ambaci cewa Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, ya auri 'yar Sarkin Dutse, ya kuma ambaci yaƙin da Sarkin Kano Kumbari ya yi da Sarkin Dutse Ada cikin ƙarni na 18. Mutanen dā ba su zaɓi wurin nan a banza ba. Duwatsu sun zame musu ganuwa, ruwan da ke gangarowa ya kan kwanta a gindinsu har dabino ya sami wurin zama, daji kuma cike da namu. Masu kiyaye tarihi sun ce saboda yawan gada aka yi wa wurin laƙabi da Gadawur. Ya kamata Hakimi ya tambayi maharbin da ke tare da shi rabonsa da ganin gada a nan, malami ya rubuta amsar da ya bayar.

Daga sama a kan ga abin da ba a gani daga ƙasa: inda itatuwa suka yi duhu, inda ƙasa ta yi fari fat, da hanyar da ruwan damina ke bi. A dubi hanyar ruwan nan da kyau, gama ita za a bi har yamma.

Cikin Daji

In an sauko an shiga daji, aikin malamin daji ya zo. Ya nuna iyakar gandun daji, a duba ko shaidun iyaka na nan, ko gona ta ci ciki. A riƙa ƙirga kututture sabon sara, a kuma lura da ramukan gawayi. Marke da ƙirya su masu gawayi suka fi nema, don itacensu na da ƙarfi, ga shi kuwa ba su girma da sauri. A duba kuka, da ɗorawa, da tsamiya, da kanya, a tambaya ko akwai ƙanana masu tasowa. Dajin da ke da manyan itatuwa kaɗai, ba 'ya'ya a ƙarƙashinsu, kamar gari ne na tsofaffi zalla.

A cikin gonaki a nemi gawo. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa su bar taki a gindinsa. Manoman ƙasar Maraɗi, tun daga wajen 1983, suka koma barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi su rene su, su sare sauran. An ƙiyasta cewa ta wannan dabara itatuwa sun dawo a fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Sabara da kalgo da ke gonakin Dutse su ma suna karɓar wannan reno. Sarkin Noma ya gwada a gonarsa, sauran za su gani.

A nan kuma a ke duba burtali. Arɗo da Dagaci su taka faɗinsa tare a gaban Hakimi, malami ya rubuta yawan takun. In bara taku 30 ne, bana ya koma 20, to, an san inda rigimar kaka za ta fito tun ba ta fito ba. Gyara shi da bazara magana ce ta fatar baki. Bayan dawa ta yi kai kuwa, sai kotu, wani lokaci har da jini.

Cikin Kwari

Daga daji sai a bi hanyar ruwa a gangara kwari. A nan a ke ganin sakamakon sara. Ganye da saiwa su ke rage wa ruwan sama gudu har ƙasa ta sha. In babu su, ruwa ya kan taho gaba ɗaya, ya kwashe ƙasar sama mai albarka, ya yanka kwazazzabo, ya juye yashi cikin fadama da rafi. Rafin da ya cika da yashi ba ya iya ɗaukar ruwan Agusta, sai ya fantsama gonaki da gidaje. Madatsar ruwa irin ta Warwaɗe ita ma laka ke cinye cikinta a hankali. Ambaliyar 2022, wadda ta rushe gidaje a Karnaya ta kuma ci gonaki a wurare da yawa na Jihar Jigawa, ta isa gargaɗi. Ruwan sama na Allah ne, amma hanyar da zai bi a ƙasa tana da hannun mutane a ciki.

A auna bakin kowane babban kwazazzabo daga wani itace ko dutse sananne, a rubuta. A tambayi masu lambu gaba nawa su ke haƙawa kafin su tad da ruwa, da yadda abin ya ke shekara 10 da suka wuce. A duba mashayar shanu ko lambu ya toshe ta, da wuraren da motoci ke ɗiban yashi kusa da gada. Hakiman arewacin masarauta, wajen Jahun da Miga, inda ruwan Kogin Haɗeja ke malala, su ƙara da duban kacala. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 tafiyar ruwan kogin ta sāke, ciyawar nan ta sami wurin yaɗuwa, tana toshe hanyoyin ruwa, tana kuma ba jan-baki mafaka.

Cikin Gari

Da la'asar a shigo gari ta hanyar da ruwa ke shigowa. Yanzu duba-gari ke gaba. A leƙa ƙarƙashin kwalbati, a ga ko shara da leda sun cushe shi. A ƙirga kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu, gama kududdufi shi ne tulun gari, in an fasa shi ruwa sai ya nemi ɗakin wani. A tsaya wurin masu sayar da itace da gawayi, a tambayi kuɗin dami, da nisan inda a ke kawo shi. A kuma tambayi mata tsofaffi, don su suka fi kowa sanin ranar da itacen girki ya fara nisa. A nan Hakimi zai gane cewa kututturen da ya ƙirga da safe tukunyar gari ce ta ci shi, yashin da ya taka da azahar kuma shi ne zai kawo ruwa ƙofar masu tukunyar.

Aikin Malami

Tafiyar da ba a rubuta ba yawo ce. Malami ya riƙe littafi guda na rangadi, ya rubuta kwanan wata, da sunayen waɗanda suka fita, da hanyar da aka bi, sa'an nan abin da aka gani a daji, da kwari, da gari, kowane da lissafinsa. Ya rubuta abin da ya gani, ko da ba zai yi wa wani daɗi ba. A aika da kwafi guda fadar Mai Martaba Sarkin Dutse, Alhaji Hamim Nuhu Sanusi, guda kuma ga ƙaramar hukuma. Amfanin littafin nan sai an shekara ya ke bayyana, sa'ad da aka ajiye lissafin bana kusa da na bara.

Gargaɗi

Rangadin dā yana da aibi guda wanda tsofaffi ba su manta ba, watau nauyin da ya kan ɗora wa talaka na saukar baƙi da gaisuwa. Kada a farfaɗo da wannan. Kowa ya riƙo guzurinsa da gorar ruwansa, kada a karɓi ko kaza. In an tarar da mai laifi, a rubuta, a miƙa wa hukumar da abin ya shafa, kada a yanke hukunci a kan hanya cikin fushi. Talakan da ya ga Hakiminsa ya zo da ƙafa, bai nemi kome ba sai labarin rijiya da burtali, zai faɗa masa gaskiyar da ba ta isa zaure.

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Allah ya taimaki Sarki, ya ba Hakimai da malamansu ikon riƙon amanar ƙasa, ya ba da damina mai albarka. Amin.