KWASKWARIMAR WASANNIN ALMARA NA KWAMFUTA: INA MAI KOYO ZAI FARA?



Gabatarwa

Kowa ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa tatsuniya ba ta da mai ita. Tsohuwar da ke ba jikokinta labarin Gizo da Ƙoƙi a Gwaram ba ita ta ƙirƙiri Gizo ba, gadonsa ta yi. Amma duk da haka takan sauya masa gari, ta ƙara masa wata dabara, ta sa shi ya faɗi abin da take so jikokin su ji. Wannan lacca za ta duba wani aiki na zamani mai kama da nata, watau yi wa wasan kwamfuta kwaskwarima, abin da masu sana'ar ke kira mod. Za a taƙaita magana a kan wasannin almara, irin waɗanda mai wasa ke shiga rigar wani jarumi, ya ratsa dazuzzuka da birane, ya yi ciniki, ya yi yaƙi da dodanni.

Ma'anar Kwaskwarima da Asalinta

Kowane wasa irin wannan ya kasu kashi biyu. Akwai injin da ke tafiyar da shi, sa'an nan akwai kayan da injin ke sarrafawa: taswira, gidaje, mutane, makamai, sauti da maganganu. Mai kwaskwarima ba ruwansa da inji. Abin da yake taɓawa shi ne kayan, kamar magini da ya tarar da gida a tsaye ya ƙara masa ɗaki ko ya sauya masa ƙofa.

Wannan al'ada ta yi ƙarfi ne daga shekarar 1993, lokacin da kamfanin id Software na Amurka ya fitar da wasan Doom, ya ware kayan wasan daban da injinsa domin jama'a su iya sauya su. A shekarar 1999 wasu matasa biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa wasan Half-Life kwaskwarima, suka sa mata suna Counter-Strike. Da ta karɓu, sai kamfanin Valve ya saye ta, ya ɗauke su aiki. Haka kuma wani lauya ɗan ƙasar Ostareliya, Nick Pearce, ya yi amfani da lokutan hutunsa ya gina wani sabon labari cikin wasan Skyrim, ya fitar da shi a 2015 da sunan The Forgotten City. A 2016 labarin ya ci lambar yabo ta ƙungiyar marubutan ƙasarsa, a 2021 kuwa ya zama wasa mai cin gashin kansa. Dukansu ba su fara da jari ko kamfani ba.

Kayan Aiki

Wasan da ya fi dacewa da mai koyo shi ne Skyrim, wanda kamfanin Bethesda ya fitar a 2011. Dalili kuwa shi ne, a farkon 2012 kamfanin ya saki manhajar da ake gina wasan da ita, mai suna Creation Kit, kyauta ga duk wanda ya mallaki wasan. Ana bukatar kwamfuta mai aiki da Windows, domin wayar hannu ba ta ɗaukar wannan aiki. Ana kuma bukatar halastaccen kwafin wasan. In an kai ga sassaƙa sababbin siffofi, akwai manhajar Blender, ita ma kyauta ce.

Ba shakka wannan kaya yana da tsada ga ɗalibi, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Maganin na farko shi ne haɗin guiwa: mutum huɗu na iya tarayya a kan kwamfuta ɗaya, wani ya rubuta labari, wani ya yi zane, wani ya ɗauki sauti, wani ya harhaɗa. Maganin na biyu kuwa shi ne adana aiki a kai a kai, tare da ajiye kwafinsa a wani wuri daban.

Matakan Farawa

Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi. Babban kuskuren masu koyo shi ne su ɗauri niyyar gina ƙasa sukutum tun ranar farko, su gaji a mako na biyu, su watsar. Ga matakai huɗu da ya kamata a bi da bi.

Na farko, a sauya abu ɗaya tak. A buɗe manhajar, a ɗora babban fayil na wasan, a nemo takobi guda, a yi kwafinsa, a sauya masa suna da nauyi. Sa'an nan a adana, a shiga wasan a ga ko ya bayyana. A nan ne mai koyo zai gane cewa gyaransa ba ya shiga cikin babban fayil. Ana rubuta shi ne a wani ƙaramin fayil daban, wanda wasan ke karantawa bayan ya karanta babban. In kuwa ƙananan fayiloli biyu suka taɓa abu guda, na ƙarshe shi ke rinjaye. Ma'aikatan gwamnati sun san irin wannan sarai, domin takardar umurni da ta zo daga baya ita ke soke ta gabanta. Rashin fahimtar wannan jeri na daga cikin manyan abubuwan da ke sa wasa ya rikice.

Na biyu, a gina wuri ɗaya, kamar ɗaki ko kogo, da kayan da wasan ya zo da su. A yi masa ƙofa da za ta haɗa shi da waje. Kada a manta a shata hanyoyin da mutanen wasan za su taka a ƙasa, domin in babu su, za su tsaya ƙiƙam kamar gumaka.

Na uku, a sa mutum ɗaya a wurin, a ba shi suna da sutura da 'yan maganganu. Wanda zai rubuta maganganun da Hausa ya gwada tun da wuri ko haruffan wasan sun ƙunshi ƙ da ɗ da ɓ. In ba su ƙunsa ba, sai a nemo waɗanda suka ƙunsa kafin a yi nisa, don kada "ƙafa" ta koma "kafa".

Na huɗu, a ba mai wasa aike: mutumin nan ya roƙe shi wani abu, ya je ya yi, ya dawo ya karɓi lada. A wannan mataki ne ake fara koyon Papyrus, watau harshen umurni na wasan, kaɗan kaɗan gwargwadon bukata.

Me Za a Zuba a Ciki?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi. Duniyar Skyrim duniyar dusar ƙanƙara ce, wadda aka ɗebo daga almarar mutanen arewacin Turai. Yaron Birnin Kudu da ke wasa a cikinta yana iya sanin duwatsunta ɗaya bayan ɗaya, alhali bai taɓa hawa Dutsen Habude ba. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai zane-zanen mutanen da, waɗanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950. Yawancin zanen na shanu ne, kuma shanun ba su da tozo, saɓanin waɗanda ake kiwo a yankin yau. A kusa da su akwai duwatsu masu amo, waɗanda in an buga su suke ƙara kamar ƙararrawa.

Mai neman labari ba ya bukatar abin da ya fi wannan. Alal misali, ana iya tsara cewa wani makiyayi ya rasa garkensa a hanyar kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram. Mai wasa ya bi sawu har bakin kogo, ya tarar shanun sun koma zane a jikin dutse, ba kuma za su fito ba sai an buga duwatsun nan bisa wani tsari. Wannan ɗan labari ya ƙunshi matakan nan huɗu duka: sanda, kogo, makiyayi da aike. Samun karɓuwa kuwa ba mafarki ba ne, domin a 2016 kamfanin Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru ya fitar da wasan almara mai suna Aurion, wanda aka gina bisa al'adun Afirka, aka kuma sayar da shi a kasuwar duniya.

Hattara

Akwai abubuwa uku da za a kiyaye. Na ɗaya, a bambance tarihi da ƙirƙira. Shanun dutse gaskiya ne, makiyayin kuwa almara ne, kuma wajibi ne a bayyana wa mai wasa haka. Na biyu, wuraren zanen nan suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Mai son ɗaukar hoto ko sauti ya nemi izini, kada ya taɓa zanen, kada kuma ya yi rubutu a jikin dutse. Haka nan ya guji sa sunan wani gida ko wata sarauta a inda zai jawo ɓacin rai. Na uku, wasan mallakar kamfaninsa ne. Ana rarraba kwaskwarima kyauta a dandamali irin su Nexus Mods, amma sayar da ita sai bisa sharuɗɗan kamfanin.

Kammalawa

A taƙaice, wanda ya bi waɗannan matakai zai fita da sana'o'i uku: rubuta labari, tsara zane, da ba kwamfuta umurni. Ko da bai zama mai yin wasanni ba, ba zai yi asararsu ba. Daɗin daɗawa, yara a yau sun fi zama gaban allon waya fiye da gaban tsohuwa, kuma labarin da bai shiga allon ba yana cikin haɗarin ɓacewa. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da sauran makarantun Jigawa su ne suka fi kowa kusa da waɗannan duwatsu da tsofaffin da suka san labarinsu. Abin da ya rage shi ne wani daga cikinsu ya zauna, ya sauya sunan takobi ɗaya, ya ga ko ya bayyana.