Rabon Gida da Mai Shi a Ciki: Lacca kan Kasafta Faifan Kwamfuta



Duk wanda ya tashi a nan ya san Damagaram gari biyu ce a ƙasa ɗaya: ga Birni, inda fada take, wanda Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, da ya rasu a 1884, ya kewaye da ganuwa, ga kuma Zango, inda ayarin Abzinawa ke sauke kayan raƙumansu, kowa da al'adarsa, ba wanda ya tashi wani. Mas'alar da muka taru dominta ƴar'uwar wannan ce, wato yadda za a sauki baƙo a faifan ajiyar kwamfuta ba tare da an kori maigida ba. Maigidan shi ne Windows, baƙon kuwa Linux, wanda wani ɗalibi, Linus Torvalds, ya fara a ƙasar Finlan a 1991, ake kuma samunsa kyauta. Dalilin buƙatar bai ɓuya ba, domin galibin na'urorin ɗalibanmu na hannu ne, Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa ta gindaya sharuɗɗan da tsofaffin na'urori ba su cika ba. Amma ɗalibin da ya saba rubuta kundinsa da Word ba zai yi hijira rana ɗaya ba.

Masana ilmin fara'idi sun san lissafin gado a allo abu ne mai sauƙi, wahalar tana wurin ja katanga a tsakar gidan da tsohuwa take zaune da tukwanenta. Haka faifai yake. Windows ta shimfiɗa kayanta a kusan dukkansa, sai an fara matsar da ita gefe da ma'aikacin kula da faifai na cikinta, an bar fili ba kowa, sa'an nan a yanka wa baƙo sashensa. Tsohon tsarin rabo, MBR, wanda ya zo a 1983, rajistarsa tana cikin bayit 512 na farkon faifai, manyan sassa huɗu kaɗai take ɗauka, kuma ba ta iya ƙirga abin da ya zarce kimanin terabayit 2. Sabon, GPT, yana ɗaukar sassa 128 a Windows, ya kuma ajiye kwafin rajistar a ƙarshen faifai, kamar alƙalin da ya rubuta hujja biyu ya ba liman ɗaya.

Amma inda nake so ku tsaya shi ne zaure. Magada sukan raba ɗakuna da rijiya, zaure kuwa ba ya rabuwa, tunda ta nan kowa ke shiga. A na'urorin zamani akwai wani ɗan sashe da ake kira EFI, sau da yawa megabayit 100 ne kacal, wanda jahili kan gani ya ce ba shi da fa'ida ya share, alhali a cikinsa Windows da Linux duka suke ajiye makullansu. A nan ne GRUB yake zama, sallama ke nan, mai tambayarka duk sa'ad da ka kunna, wurin wa ka zo? Wanda ya rushe zauren nan, ɗakunansa suna nan lafiya da kayansu, sai dai ba ƙofar shiga.

Na taɓa zama kusa da wani ɗalibina da zafin la'asar, ya cusa kile, abin da mutanen Kano ke kira filas, yana matsar da wani sashe a na'urar da batirinta ya daɗe da mutuwa, layin aikin ya kai rabi, fanka ta tsaya, allo ya yi baƙi, ya juyo ya ce, "Malam, babi uku ne a ciki." Ba shi da kwafi ko ɗaya. Saboda haka nake ganin kwashe kaya zuwa wani faifai kafin rabo wajibi ne, ba mustahabbi ba. Haka nan a kashe kunnawar gaggawa ta Windows, domin tana barin faifai kamar ɗakin da mai shi ya yi barci a ciki ya sa sakata. In kuwa Windows ta kulle faifan da BitLocker, a rubuta lambar buɗewarsa a takarda tukuna.

Saura wani ɗan saɓani na maƙwabtan nan biyu da ke ba ni dariya. Linux yana saita agogon na'ura bisa lokacin duniya na UTC, Windows kuwa tana ɗaukarsa lokacin gari ne, mu kuma a Nijar muna gaba da sa'a ɗaya. Sai mutum ya fito daga Linux ya shiga Windows ya ga ƙarfe ɗaya, alhali ladanin unguwa ya kira azahar tun ɗazu. Maganinsa umarni ɗaya ne da ake ba Linux ya bi lokacin gari, zan kuma rubuta muku shi a allo kafin mu shiga tambayoyi.